Fita bakin ruwa a ƙarshen mako: wane wata, wane wuri, kuma ta hannun wa

Yawancinmu ta famfo da kwandon tumatir muka san dam. Mutumin Kano yana shan ruwan da ya biyo ta Tiga da Challawa, yana cin shinkafar Kura, amma sai ka tarar ya haura shekara 40 bai taɓa tsayawa a bakin ruwan ya ga faɗinsa ba. In an ce hutu, to ko gidan zu ne ranar Sallah, ko zaman majalisa har la'asar. Alhali tafiyar da ba ta kai awa 2 ba za ta kai shi inda zai ga ruwa iya ganinsa, yara su ga kwale-kwale da idonsu, uwargida ta dawo da ɗanyen kifi.

Wannan jagora ta wanda yake da Asabar ɗaya ce, da mota ko ta haya, da iyali ko abokai. Zan fi kafa misali da Tiga don ita ce mafi kusa da mafi yawan masu karatu a Kano, amma matakan suna aiki a Dadin Kowa, da Argungu, da tafkin Madarumfa da ke kudu da Maraɗi. Abu biyu ne ke raba wanda ya dawo yana murna da wanda ya dawo yana da-na-sani: watan da ya zaɓa, da mutumin da ya sani a can. Ruwan da kai za ka je shan iska, wurin neman abincin wasu ne, kuma halinsa na Agusta daban da na Afrilu.

Mataki na farko: zaɓi wata kafin ka zaɓi wuri

Mutane sukan fara da cewa "mu je Tiga", sannan su nemi rana. Ni na fi son a juya: a duba watan da ake ciki, shi zai faɗi inda ya kamata a nufa.

In marka ta kankama, wato Agusta zuwa farkon Satumba, ƙasa ta yi kore shar, shamuwa ta cika bishiyoyin gari, koguna sun yi ja saboda laka. Wannan lokacin kallon ruwa ne daga nesa. Shi ne lokacin magangarar Gurara da ke kan hanyar Suleja zuwa Minna, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kusan mita 30, tun kana wurin ajiye mota kake jin rugugi, feshin kuma ya jiƙa ka kana tsaye a sama. Haka Matsirga kusa da Kafanchan. Amma duwatsun sun yi santsi da gansakuka, don haka ana tsayawa ne inda masu kula da wurin suka ce a tsaya. A wannan watan kada ka shimfiɗa tabarma a kan yashin kogi ko da sama ta yi garau. Ruwan da aka sheƙa a wani gari mai nisa shi ne zai iso maka ba sallama. Alamarsa ita ce ruwa ya sauya launi, ka fara ganin kara da rassa da kumfa suna wucewa. Ka ga haka, tattara yara ku hau tudu, tabarma ta jira. Kuma duk wanda ya ga abin da fashewar dam ɗin Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024 ya san ƙasan dam ba wurin zama ba ne a ƙarshen damina.

Kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba, ita ce zaɓina ga wanda zai fita da iyali karo na farko. Dam ya cika ya batse, laka ta kwanta, ruwan ya yi haske, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hazo bai sauko ba. A hanya za ku ga an girbe gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, ana tonon gyaɗa. Da safe in ka tsaya a Tiga kana hango duwatsun da ke ƙetare tangaran. Matsalarta biyu: sauro yana nan da ƙarfinsa, kuma lokacin girbi lokacin macizai ne, musamman kububuwa. Takalmi rufaffe ya fi silifa, kuma a hana yara cusa hannu cikin tarin kara ko ƙarƙashin dutse.

Hunturu na masu son tsuntsaye ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu dausayin Haɗeja da Nguru yana cika da baƙin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai suka ƙetaro Sahara, su haɗu da 'yan gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Dagona a ƙasar Bade da Baturiya a Jigawa su ne wuraren da aka fi sani. Tun shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Wannan tafiyar ta kwana ce ga mutumin Kano, don tsuntsu da asuba ake ganinsa. Wani abin da ya kamata a nuna wa yara a wannan lokacin shi ne gawo: duk bishiyoyi sun kaɗe, shi kuma a lokacin yake fitar da ganye, bayan ya yi damina tsirara. Sai dai ka sani hazo yana cinye nisa. Ranar da ya yi kauri, ƙetaren dam ɓacewa yake, rana ta fito jajir kamar faifai, ka iya kallonta ba ƙyaftawa. Wasu wannan suke so a hoto. Iskar hunturu kuma tana tayar da igiyar ruwa a manyan dam, don haka ba kullum ake shiga jirgi ba. In burinku wanka ne, ku nufi Wikki a Yankari, inda ruwan ke ɓuɓɓugowa da ɗuminsa, kusan digiri 31 rani da damina, fari tas har kana ganin yashin ƙasa.

Bazara kuwa sai da dabara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ruwa ya janye ya bar faffaɗan fili, masu noman rani sun bi shi da albasa da kankana. Kyan wurin daga fitowar rana ne zuwa ƙarfe 11, bayan nan azaba ce. Kuma a nan ne yara suka fi matsawa sai sun shiga ruwa. A ƙarshen bazara hadari yana haɗuwa cikin mintuna, da iska mai ƙarfi a gabansa. Ka ga gabas ta yi baƙi, ka ji iska ta sauya, fita daga ruwa, kuma kada ka fake ƙarƙashin bishiyar da take tsaye ita kaɗai a fili, saboda tsawa. Mota ta fi.

Bikin kamun kifi na Argungu ya fi faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris. An faro shi a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, UNESCO kuma ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Ba kowace shekara ake yi ba, don wanda aka yi a 2020 ya zo ne bayan an shafe kusan shekara 10 ba a yi ba. Sai ka ji sanarwa daga masarauta ko gwamnatin Kebbi kafin ka ɗaura niyya. Ko ba biki, kogin Matan Fada inda ake kamun da gidan tarihin Kanta sun isa ziyara.

Mataki na biyu: nemi ɗan gari, ka tambayi hanya a makon tafiyar

Wannan ba zamanin da za ka duba taswira a waya ka tayar da mota ba ne. Akwai ruwaye masu kyan gaske da yanzu ba a zuwa da iyali sai an yi bincike sosai, irin yankunan Shiroro da Kainji da Bakolori da Zobe, saboda matsalar tsaro da ta addabi hanyoyinsu a shekarun nan. Labarin bara ba ya amfani, na watan jiya ma bai isa ba. Wanda zai gaya maka gaskiya shi ne direban da ke bin hanyar kullum, don haka ka leƙa tasha ranar Alhamis ko Juma'a ka tambaya. Dillalin kifi a kasuwarku ma ya san daga inda kaya ke zuwa da kuma inda suka daina zuwa.

Sannan ka nemi mutum ɗaya a garin: tsohon abokin makaranta, malamin firamare, ɗan uwan maƙwabci. Tambayoyin da za ka yi masa ba su da yawa. Mota ƙarama tana kai wa bakin ruwa? Ina ake zama da mata da yara? Wa ake gaisarwa in an zo? Akwai kada ko dorina a wannan ɓangaren? Ta ƙarshen ba wasa ba ce. Akwai dorina a kogin Gongola wajen Dadin Kowa da Kiri, akwai ta a kogin Neja wajen Yawuri, kuma ta sha kifar da jirage da kashe mutane.

Game da Tiga: dam ne da gwamnatin Audu Bako ta gina tsakanin 1971 da 1974 a kan kogin Kano, kimanin kilomita 70 kudu da birni. Titin Zariya ake bi, a wuce Kura da Kadawa, sannan a bar babban titi ta wajen Bagauda. Ruwan da ake saki daga nan shi ke shayar da gonakin da za ka gani dama da hagu, ragowar ta haɗu da Challawa, ta bi ta Wudil zuwa Haɗeja da Nguru, har ta gangara tafkin Chadi. Yana da kyau a gaya wa yara wannan a mota. Jikin dam ɗin da ƙofofin sakin ruwa suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, akwai masu gadi, kuma ba ko'ina ake shiga ko ɗaukar hoto ba. A tambaya tukuna.

Mataki na uku: kaya

Ba sai an yi dogon lissafi ba. Ruwan sha daga gida, fiye da yadda kake zato, da wani daban a jarka don alwala da wanke hannu, dalilin zai zo a gaba. Tabarma, buta, hula ko malafa, kayan sauyawa na yara, rigar sanyi in hunturu ne. Abinci mai jure rana: dambu, gurasa, kilishi, dafaffen ƙwai, zoɓo a kula. Shinkafa da miya in ta wuni a mota tana iya juyawa. Kuɗi a hannu, ƙananan canji, don sabis yana ɗaukewa kuma masunci ba ya jiran turansifa. Mai a cika tanki tun daga gari, a duba safaya da jak. Buhu ɗaya na shara.

Sai abu ɗaya da ba kowa ke tunawa ba: jarka mai lita 20 ko 25, babu komai a ciki, a ɗaure murfinta tam, a ɗaura mata doguwar igiya a mariƙi. Tana iya riƙe babban mutum a saman ruwa. Ita za a ajiye a bakin gaɓa tun da aka sauka. In kuna da halin sayen rigar kariya daga nutsewa, ku saya ko ta yara ce kaɗai, kuma daidai jikinsu, don wadda ta yi wa yaro yawa zamewa take ta kansa.

In ƙungiya ce ta abokai, a yi karo-karo tun ranar Alhamis, a damƙa wa mutum ɗaya. Lissafin kuɗi a bakin ruwa yana ɓata zumunci.

Mataki na huɗu: sammako, sannan gaisuwa

Ku tashi bayan sallar asuba. Masunta da dare suke zuba kalli, wato ragar kamun kifi, da sassafe su ɗebo, don haka tsakanin ƙarfe 7 da 9 ne mashigar jirage take da rai: ana jan kwale-kwale, ana juye kifi a daro, dillalai suna ciniki, belbela tana jiran rabonta. Wanda ya iso ƙarfe 12 rana kawai zai tarar.

Kada ka kai mota har bakin ruwa. Ƙasar da ruwa ya janye ya bari takan bushe a sama ta tsattsage, ƙasanta kuwa taɓo ne, sai taya ta nutse har gindi. Ajiye ta a tudu inda ka ga sawun wasu motoci, kuma ka juya kanta ta fuskanci hanyar fita.

Daga nan, kafin a sauke ko tabarma, kai da wani babba ku taka zuwa inda dattawa suke. Ko'ina akwai Sarkin Ruwa ko wakilinsa, ko dai wani dattijo da ke gyaran koma a inuwa. Ka yi sallama, ka rage tsawo.

"Sannu da aiki, Baba. Baƙi ne mu daga birni, mun kawo yara su ga ruwa. Ina ya dace mu zauna?"

Abin da zai biyo baya ya fi duk abin da za ka karanta a intanet. Zai iya ce maka, "Ku zauna ƙarƙashin tsamiyar can. Amma kada yaro ya wuce wancan dutsen, akwai gurbi, masu yashi sun haƙa." Ko ya ce nan mashayar shanu ce, da azahar za su sauko. Ko ya nuna maka ɓangaren da mata ke wanka da wanki don mazanku su kauce. Goro ko ɗan abin shan ruwa ba ya ɓaci a nan, kuma sau da yawa zai haɗa ku da wani yaro ya zauna tare da ku. Ku sallami yaron da kyau in za ku tafi.

Wurin zama ya kasance a inuwa, a kan tudu, nesa da ciyawa mai duhu, inda babba yana zaune yana ganin bakin ruwan gaba ɗaya. Ɗaga kai ka duba bishiyar ko akwai zuma ko rina. Kada a bi ta cikin kwamin albasa ko a tsinki abin gona, ko da kankana ɗaya ce. A saya, ai ba tsada.

Mataki na biyar: ruwan kansa

A nan zan daɗe, domin a nan ake samun kuka.

Fara da raba aiki. A ce wane ne mai kallon yara daga yanzu zuwa rabin awa, ba waya a hannunsa, ba hira, sannan wani ya karɓe shi. In aka bar wa kowa, babu mai kallo. Kuma ka cire wa ranka cewa mai nutsewa ihu yake yi. Yawanci shiru ne: kai ya leƙo ya koma, baki a daidai ruwa, hannuwa suna dannawa ƙasa, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba an daina ganinsa. In hakan ta faru, wanda bai ƙware ba kada ya faɗa, don mai nutsewa rungumar mai ceto yake su tafi tare, shi ya sa kake jin an rasa 'yan gida ɗaya biyu ko uku a rana guda. A jefa jarkar nan, a miƙa gora ko rawani, a ƙwala wa masunta kira. Su ne suka san ruwan.

Wanda ya koyi iyo a kududdufin unguwa ko wurin wankan otal bai san dam ba. Gaɓar dam tana iya tafiya a hankali taku 5, na 6 ya zama rami. Ƙasan akwai kututturan bishiyoyin da ruwa ya cinye tun lokacin gini, akwai tsohuwar koma da ke naɗe ƙafa. Kusa da inda ake sakin ruwa kuwa, da manyan hanyoyin ruwa na siminti da ke kai wa gonaki, ja ne da su, bangonsu kuma santsi, in ka faɗa babu abin kamawa. Waɗannan ko babba bai kamata ya shiga ba.

Sai kuma abin da ido ba ya gani, tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin ƙananan katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa mai kwanciya, irin na dam da fadama da hanyoyin ban-ruwa. Tana fitowa ta yi iyo, ta huda fatar mutum ta shiga, ba sai ya sha ruwan ba, kuma ta fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara ciki. Yankunan noman rani sun yi ƙaurin suna da ita. A da har ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya girma, alhali cuta ce da in ta daɗe take lalata mafitsara da hanta. Wannan ne dalilin jarkar alwala daga gida. Ra'ayina shi ne yaran birni su yi wasa a busasshen yashi, su shiga jirgi, su kalli kifi, amma wanka a bari sai Wikki ko gida. Za su yi fushi, fushin zai wuce kafin a kai Kura.

Shiga kwale-kwale shi ne abin da kowa zai riƙa tunawa, kuma ana iya yinsa lafiya in an kiyaye. Ka yi jinga da mai jirgi a kan ku kaɗai, kada ku bi jirgin haya na ranar kasuwa da ake loda wa mutane da buhuna da babura. Duba cikinsa: in ka ga yaro yana ta kwarfe ruwa tun jirgin yana gaɓa, nemi wani. Bayan kowa ya zauna, dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. In ba ta kai kamu ɗaya ba, a rage mutane, a yi sawu biyu. Mutanen Kano ba su manta da Bagwai ba, ranar 30 ga Nuwamban 2021, lokacin da jirgin da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya zuwa Mauludi ya kife a dam ɗin Watari, aka rasa rayuka aƙalla 29, mafi yawansu yara. Lodi ne ya yi yawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya, amma a ƙananan mashigai babu mai tsare ka, kai ne hukumar iyalinka.

A cikin jirgi kowa ya zauna a tsakiya, a ƙasa. Ba a miƙewa don hoto, ba a sauya wuri, ba a taruwa gefe ɗaya don an ga kifi. Ka ce wa mai jirgi ya bi gefe-gefe, minti 20 ya isa. In ya dubi sama ya ce yau ba za a shiga ba, kada ka ƙara masa kuɗi don ya sauya magana.

Mataki na shida: abin da za a kalla, da abin da za a ci

Da yawa sukan iso, su ɗauki hoto, su ci abinci, sai kuma a rasa abin yi. Laifin gaggawa ne. Ka zauna shiru minti 10 ka ga yadda zalɓe ke tsayawa a ƙafa ɗaya ba motsi, sai wuf ya caki kifi. Ka ga yadda mai birgi, wato ragar da ake jefawa, ke tattara shi a kafaɗa, ya juya ƙugu, ya watsa, ya buɗe da'ira kafin ya taɓa ruwa. Bado da safe yake buɗe fure, rana ta yi ya rufe. A sa yara gasar sunayen kifi a daron masunta: karfasa, tarwaɗa, kurungu mai ƙaya, tsage mai haƙora, giwan ruwa in an yi sa'a. Minjirya kuwa a kalla da ido kawai, mai taɓa ta zai ji a jikinsa. Masunta suna jin daɗin a tambaye su, in dai ba lokacin da suke tsakiyar ciniki ba ne.

Hoto yana kyau da safe da kuma bayan la'asar, rana tana bayanka. Kada a ɗauki mutum sai da izininsa, mata masu wanka ko wanki kuwa ko kusa.

Wajen sayen kifi, ɗaga murfin kunnensa: ja mai haske ake so, in ya yi fari-fari ko ruwan ƙasa ya kwana. Ido ya zama garau a waje, tsoka in ka danna ta dawo. Tarwaɗa da ranta ake saye. Ka bari dillalai su gama nasu, sannan ka taya, kuma kada ka yi tsammanin rabin kuɗin birni, don mai kamun ya san farashin birnin. A sa a fafe shi a wurin, a zuba a kula da ƙanƙara. In ba ƙanƙara, sayi banda, amma ka karya ɗaya ka duba ciki ko akwai ƙwari, ka kuma shinshina. In ka ji warin maganin ƙwari, ajiye.

In za ku gasa a wurin, ku zo da gawayinku da murhu, ku hura a kan yashi nesa da kara da harawa. A hunturu tartsatsi ɗaya yana cinye abincin dabbobin mutum na shekara. A kashe da ruwa, a taɓa da hannu a tabbatar.

Mataki na bakwai: tashi da wuri

Ku yi la'asar a can, ku kama hanya. Na san faɗuwar rana a kan ruwa ita ce mafi kyau, amma tana zuwa da sauro da tuƙin dare a hanyar da ba ka sani ba. Wanda yake son ganinta ya nemi masauki a gari mafi kusa tun da rana, ya kwana.

Kafin a shiga mota a bi wurin a tsince komai, musamman leda da robar ruwa. Shanun da za su sauko sha suna haɗiye leda, ta taru a tumbi ta kashe su. A koma wa dattijon nan a yi masa sallama, a karɓi lambar wani a garin don tafiya ta gaba. A ƙirga yara da suna, ba da ido ba. A hanyar Tiga in lokacin tumatir ne, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana kan hanya, sai dai a bar wuri a but tun da safe.

Bayan an dawo, a sa ido mako 2 na farko: duk wanda ya yi zazzaɓi a kai shi gwajin maleriya, kada a tsaya shan magani da ka. In kuma wani ya shiga ruwa duk da hani, tsargiya ba ta nuna kanta da wuri, takan ɗauki wata 1 zuwa 3. Ƙaiƙayi a fata ranar da aka dawo, zazzaɓi da tari bayan 'yan makonni, ko ɗigon jini a ƙarshen fitsari, duk dalilin zuwa asibiti ne, kuma a gaya wa likita sunan ruwan da aka shiga da ranar. Maganinta praziquantel ne, ana bayar da shi gwargwadon nauyin mutum, don haka a bar ma'aikacin lafiya ya auna yaron ya faɗi adadin.